Kowa Ya Yi Magana da Bakinsa

Duk wanda ya iya karatu a ƙauye, ba a daɗewa sai an ɗora masa wani kaya. Ran da malamin gona ya zo, ko kansila, ko ma'aikatan asibiti masu rigakafi, sai ka ji dattawa sun ce, "Wane, ai kai ne ka shiga aji. Tashi ka faɗa musu damuwarmu." Haka nan a taron ƙungiyar manoma, da taron iyayen yara a makaranta, da ran da za a ba ku takardun shaida. Mata ma ba su tsira ba, ko a wurin adashi ko a ɗakin awo. Wannan kaya ba a gudunsa. Abin da mu ke so mu bayyana muku shi ne yadda mutum zai ɗauke shi, ba tare da ya rikiɗe ya zama wani mutum dabam ba.

Kun sha ganin abin da mu ke nufi. Ga mutum kun san shi tun yana yaro. In yana gindin bishiya yana ba da labarin yadda ya sayar da akuyarsa a kasuwa, kowa sai ya saki abin da ya ke yi ya saurara. Amma ran da aka miƙa masa lasifika, sai murya ta sake. Ya shaƙe wuya kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya jawo waɗansu kalmomin Turanci da bai san ma'anarsu ba, ya haɗa da na Larabci waɗanda bai iya faɗa daidai ba. Ya yi minti goma yana gai da manyan baƙi, kowa da kirarinsa. Da ya zauna, in ka tambayi na kusa da kai abin da ya ce, sai ya amsa, "To, ya dai yi magana." Rijiyar kuwa da aka tashe shi dominta tana nan a rushe.

Ba mugunta ce ta sa shi haka ba, tsoro ne. Gani ya ke yi maganarsa ta kullum ta yi wa taron kaɗan, don haka sai ya aro ta wani, kamar yadda a kan ari riga ran salla. To, zanen aro ba ya rufe katara. Mutane suna ganewa nan da nan, ko da ba su yi karatu ba. Kunne ya san muryar da ba ta mai ita ba ce. Ido kuma yana duban fuska, ya ga baki na faɗin wani abu, fuska na faɗin wani. Babbar tonon asiri kuwa ita ce tambaya. Wanda ya haddace maganar wani, tambaya guda ta isa ta kā da shi, don babu kome a bayan abin da ya haddace. Amma wanda ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ko an yi masa tambaya ashirin yana da amsa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da ya zo daga waje. Magabatanmu sun san shi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen shekara ta 1774, yana da shekara kamar 20, a Ɗegel. Babban malami ne, ya rubuta littattafai masu yawa da Larabci. Da ya so, da Larabcin zai yi ta zuba wa jama'a su yi ta mamakin ilminsa. Bai yi haka ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari cikin littafinsa Infakul Maisuri cewa Shehu ya kan yi wa mutane bayani da harshen da su ke ji, ya fito musu da sakin fuska, ya yi haƙuri da masu yawan tambaya. Ya kuma ce kafin Shehu ya fita wurin taro, ya kan ɗan tsaya shi kaɗai ya sabunta niyyarsa, don abin da zai faɗa ya zama saboda Allah. Ku lura da wannan. Kafin ya duba jama'a, zuciyarsa ya kan fara dubawa. Mu da za mu yi magana a kan rijiya da taki ba mu kai matsayinsa ba, amma tambayar ɗaya ce: na tashi ne don a gyara rijiya, ko don a ce na iya magana?

Yanzu bari mu ba ku labarin wani jawabi wanda ya shafe ku, ku 'yan aji.

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarki ba ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya komo Bauchi ya yi aikin malanta shekara da shekaru, ya tafi Ingila ƙaro ilmi a 1945. Bayan ya dawo aka sa shi cikin Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. A watan Agusta na 1950 ya tashi a wannan majalisa ya kawo batun da mutane da yawa su ke yi a ɓoye, amma ba mai iya faɗa a fili. Ya ce tsarin mulkin En'e, watau hukumar gargajiya ta wancan zamani, yana bukatar gyara. Ya ce talaka ba shi da bakin magana cikin sha'anin ƙasarsa, ya ambaci cin hanci, ya nemi a kafa waɗanda za su bincika, ya kuma nemi a tashi tsaye a ilmantad da jama'a.

Ku tuna fa shi kansa ma'aikacin En'e ne, yawancin waɗanda ke zaune suna sauraronsa su ma haka. Abincinsu a nan ya ke. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba. Da mai neman yabo ne, da ya yi wa kowa kirari ya zauna lafiya. Amma abin da ya faɗa ba jita-jita ba ce. Ya zauna cikin abin, ya ga yadda a ke yi, ya san ƙauyukan da babu mai iya karanta takardar haraji. Bai zagi kowa ba, bai kuma tauna maganarsa ba. Da aka jefa ƙuri'a, batunsa ya ci da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak.

Aka yi binciken. A 1954 aka yi sabuwar dokar En'e. Wannan jawabi kuma yana cikin abin da ya zaburad da gwamnatin Arewa ta kafa Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a larduna, aka kafa hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga littattafai da ƙananan jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano. Ashe ajin da ku ke zaune ciki yau jika ne na waɗancan azuzuwa, su kuwa suna da alaka da ranar da wani malamin makaranta ya tashi ya faɗi abin da ya sani.

Daga baya ya zama Firayim Minista a 1957. Ya yi jawabi a Ikko ran 1 ga Oktoba 1960, ranar samun mulkin kai, ya kuma yi a gaban majalisar dokokin Amurka a 1961. Saboda daɗin muryarsa har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. An ɗauki maganganun nan, har yanzu a kan sa su a rediyo. In kun ji, za ku lura ba ya gaggawa, kalma ɗaya bayan ɗaya ya ke ajiyewa. Amma a nan sai mu ja muku kunne. Kada wani ya ji ya ce shi ma bari ya kumbura murya irin tasa. Wannan ma aro ne. Muryar tasa ce, Allah ya ba shi. Abin koyi wurinsa shi ne ya san abin da ya ke faɗa, ya kuma yarda da shi.

Malam Aminu Kano ba jam'iyyarsu ɗaya ba, halin maganarsu ma ba ɗaya ba ne. Shi ma ya yi malanta a Bauchi, ya yi karatu a Ingila, ya bar aikin koyarwa a Maru a 1950 ya shiga siyasa, ya shugabanci NEPU. Turanci a bakinsa ya ke, Larabci ma haka. Duk da haka in ya tsaya gaban talakawa, Hausar da kowa ke ji ya kan yi, da misalai na gona da kasuwa, da ɗan abin dariya. Abin da ya ƙara wa maganarsa nauyi shi ne mutane sun ga zamansa. Farar riga ce da jar hula, da gida marar ƙawa a Gwammaja, inda ya zauna har ya rasu a 1983. Mai cewa a tausaya wa talaka alhali an san shi da danne haƙƙin 'yan ƙodago, ko ya fi kowa fasaha ba mai jinsa. A ƙauye wannan ya fi tsanani, don kowa ya san kowa.

Kada wata ta ce ai waɗannan duk maza ne masu ilmi mai zurfi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta girma a Zariya, karatunta na boko bai wuce 'yan shekarun firamare ba. Tun tana yarinya ta shiga NEPU, ta riƙa tsayawa gaban taro tana magana a kan auren ƙananan yara, da aikin tilas, da haƙƙin mata na jefa ƙuri'a. An ɗaure ta sau da yawa, ba ta bari ba. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976, ta kuwa ga wannan rana da idonta kafin ta rasu a 2001. Ba manyan kalmomi ne suka sa aka saurare ta ba. Wahalar da ta ke faɗa ta san ta.

Abin da ba mu ce ba

Akwai masu jin irin wannan bayani su fahimce shi a karkace. Sai mutum ya tashi a gaban hakimi ya yi ta ɓarin baki, in an yi masa magana ya ce, "Ni haka na ke, ba na munafunci." Wannan rashin kunya ne. Gaisuwa da ladabi namu ne, ba aro ba ne. Ka yi sallama, ka ce wa babba ranka ya daɗe, ka gai da jama'a. Abin da mu ke hanawa shi ne gaisuwa ta cinye maganar. Aikin maroƙi dabam, aikin wakilin jama'a dabam. Maroƙi an san sana'arsa, ba mai kama shi da laifi in ya ce wane ya fi kowa. Kai kuwa in ka ce wa baƙo shi ne ruwan da ya raya ƙauyenku, alhali bai taɓa kawo muku ko bokiti ba, to, ka ɓata sauran maganarka. Shi ma baƙon ya san ba gaskiya ba ne.

Ba mu kuma ce a tashi ba shiri ba. Magana zarar bunu ce. Wanda bai shirya ba shi ne ya fi saurin faɗawa cikin aro, don in kansa ya ɗaure sai ya kama duk abin da ya taɓa ji a bakin wani. Shiri shi ke ba mutum ƙarfin zuciya ya yi magana irin tasa.

Amfanin takarda

A nan ne karatunku zai yi muku rana, in kun san yadda za ku yi da shi. Yawancin sababbin masu karatu su kan je wurin wani ɗan makaranta ko akawu su ce ya rubuta musu jawabi. Shi kuwa sai ya cika shafi biyu da kalmomin ofis. Ran taro mutum ya kafa ido a takarda, yana haɗa baƙi da ƙyar, gumi na zuba, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. In iska ta ɗauke takardar, shi ke nan an gama.

Ga abin da ya fi. A ce misali rijiyar ƙauyenku ta rushe, an ce kai za ka yi wa kansila bayani. Kwana biyu kafin ranar, ka zaga. Ka ƙidaya gidajen da ke sha daga rijiyar. Ka bi mata zuwa rafi ka ga nisan da kanka. Ka tambayi iyaye yara nawa suka yi zawo tun da aka koma shan ruwan rafi. Ka zauna da mai unguwa da dattawa ku yanke abin da ku za ku iya yi, da abin da ya fi ƙarfinku. Sa'an nan ka sami 'yar takarda wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ka rubuta da hannunka, da manyan baƙaƙe, kamar haka:

Rijiya ta rushe da damina.
Gida 40.
Rafi, tafiyar sa'a 1.
Yara 6 zawo.
Mu: yashi, dutse, aiki.
Su: siminti, magini.

Shi ke nan. Layi shida. Wannan takarda ba za ta yi maka magana ba, tuni kawai za ta yi maka. Ka dubi layi ɗaya, ka ɗaga kai, ka faɗi sauran da bakinka kamar yadda za ka faɗa wa maƙwabcinka. Lissafin kuwa ka tabbata na gaskiya ne. In yara shida ne, kada ka ce sittin don a ji tausayi. Ma'aikaci ya kan aiko a duba, in ya tarar ka ƙara gishiri, gobe ko gaskiya ka kawo ba zai yarda ba, kuma ba kai kaɗai abin zai shafa ba, duk ƙauyen ne.

Ku dubi layi biyu na ƙarshe da kyau. Mutane da yawa su kan yi ta kuka su zauna ba su faɗi abin da su ke so ba. Baƙo ya ce Allah ya kyauta, ya shiga mota. Faɗi abin da ku ke nema a fili, da abin da ku za ku kawo. Mai ji ya san da masu niyya ya ke magana.

In an yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce, "Ban sani ba, amma ga wane ya sani," ko kuwa, "Zan bincika in kawo amsa ran kasuwa." Mutane suna jin nauyin wannan kalma, gani su ke yi kamar faɗuwa ce. A ganinmu babu kalmar da ta fi ta sa a yarda da mutum. Wanda aka ji ya ce bai sani ba a wuri ɗaya, in ya ce ya sani a wani wuri sai a gaskata shi.

Akwai kuma amana. In jama'a suka aike ka, bakinsu ne kai. Abin da aka yanke shi za ka faɗa, ko da kai ba haka ka so ba. In kana da naka ra'ayi dabam, ka raba su a fili, ka ce, "Wannan saƙon jama'a ne, wannan kuwa nawa ne." Kada ka cusa bukatar gidanka cikin saƙon gari.

Harshe da rawar jiki

Waɗansu suna jin kunyar Hausar garinsu. Basakkwace ya kan ce "mi", Bakano ya ce "me". Bakatsine da Bazazzagi da Bagudduri kowa da irin lafazinsa. Hausar da a ke rubutawa a littattafai ta fi kusa da ta Kano, an yi haka ne don rubutu ya zama iri ɗaya ko'ina. Wannan bai sa sauran sun zama kuskure ba. In kana rubutu, bi ƙa'idar da malam ya koya maka. In kana magana, yi da harshen da uwarka ta koya maka. Mai ƙoƙarin juya harshensa a tsakiyar taro hankalinsa ya kan rabu biyu, rabi wajen lafazi, rabi wajen magana, duka biyun su lalace. Kalmomin da suka riga suka zama namu, irin su mota da asibiti da siminti, ba laifi. Wadda ba ka iya fassara wa kakarka ba, bar ta.

Rawar jiki kuwa kowa na yi. Ƙafa ta yi sanyi, baki ya bushe, zuciya ta yi ta bugawa. Ba alamar ba ka iya ba ce. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. Labarin yana cikin Suratu Ɗaha. In ka tashi, kada ka fara nan take. Ka tsaya da ƙafa biyu, ka ja numfashi, ka yi bisimilla. Ka nemi fuska ɗaya da ka sani cikin taron, ka fara kamar da shi ka ke. In ka yi tuntuɓen harshe, ka gyara ka wuce, ba sai ka yi ta ba da haƙuri ba. In aka yi dariya, kai ma ka murmusa. Jama'a sun fi son mai in'ina da ke faɗin gaskiya bisa ga mai zaƙin baki da ba su san inda ya dosa ba. In ka gama abin da ke kan 'yar takardarka, ka yi godiya ka zauna, ko da minti uku kaɗai ka yi.

Wannan abu ba ya samuwa da karantawa kaɗai, sai an yi. Muna roƙon malaman aji su ware ɗan lokaci kowane mako. Mutum ɗaya ya zaɓi abin da ya fi kowa sani a ajin, ko yadda a ke adana wake kada ƙwari su ci, ko yadda a ke gane tunkiya mai lafiya a kasuwa, ko yadda a ke yin daddawa. Ya rubuta layinsa biyar ko shida a allo da hannunsa, ya juyo ya yi wa 'yan'uwansa bayani. In ya gama, mutum uku su yi masa tambaya. Sa'an nan malam ya nuna wani daga bayan aji ya ce ya maimaita abin da ya ji. In ya iya maimaitawa, mako mai zuwa sai a ba wani alli.